Darasi na 7: Wa Ke Gaya wa Waya Cewa Reso Ya Tafi?

Kana zaune a shagon caji a Garwa, wuta ta ɗauke, akwatin Wi-Fi ya mutu. Ba a jima ba alamar da ke saman wayarka ta ɓace. Wa ya kai mata labari?

A cikin kowace wayar Android akwai uwar manhaja da ake kira kanel, ta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan a 1991. Ɗauke ta kamar mai gadin zaure. Duk ƙofar da saƙo ke bi, makullinta na hannunsa, kuma kowace da sunanta: wlan0 ta Wi-Fi, eth0 ta igiyar kwamfuta. WhatsApp ba ya leƙa ƙofa da kansa, sai ya yi aike. 'Yan aiken su ne laburare. Ba ɗakin littattafai ake nufi ba, tarin umarni ne da aka rubuta tuntuni, kowace manhaja tana ara, kamar Bionic da libnl.

Tsohuwar hanya, mai suna ioctl, tambaya ɗaya amsa ɗaya ce. Yaro ya je zaure: "Baba, ƙofa a buɗe take?" A ce masa eh, ya koma. Bayan ɗan lokaci ya sake zuwa. Wannan zirga-zirga batir take ci, kuma idan ƙofar ta rufe ta sake buɗewa tsakanin zuwa biyu, yaro bai sani ba.

Daga Linux 2.2, a 1999, hanyar netlink ta kankama, kuma ita ta fi hankali. Yaro ya karɓi jerin ƙofofin duka sau ɗaya, sannan ya bar sallahu: "In wani abu ya canza, a kira ni." Ƙofa ta motsa, kanel ya aiko saƙon RTM_NEWLINK. An ba waya adireshin intanet, ya aiko RTM_NEWADDR. A Android, wani ma'aikaci mai suna netd yana cikin masu zaman jiran nan. Amma fa in yaro ya yi gyangyaɗi saƙonni suka taru har jaka ta cika, wasu za su zube, dole ya sake karɓo jerin daga farko.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Kanel ya san abu biyu: an kunna ƙofa, kuma akwai wani a ɗaya gefen da ke amsawa. Iyakarsa ke nan. Mai gadi ya san titin ƙofar gida, bai san halin gadar Binuwai ba. Shi ya sa za ka ga alamar Wi-Fi cike fal amma saƙo ya ƙi tafiya, wataƙila data ce ta ƙare wa mai shago. Kada ka kai wayar wurin mai gyara tukuna.

Aiki: idan cibiyarku na da kwamfuta mai Linux, malami ya rubuta ip monitor link, ɗalibi ɗaya ya zare igiyar intanet. Ku nemo kalmar NO-CARRIER a allon, ku kwafe ta a littafi. Ku mayar da igiyar, ku nemo LOWER_UP.