Sayar da kayan kwalliya a kan kamasho a Tawa: lissafin da za ki yi kafin ki ɗauki jaka

Kafin ki sa hannu a takardar kowane kamfani, ki tambayi wadda ta gayyace ki abu biyu: nawa zan ɗauki kwalba ɗaya, nawa zan sayar da ita? In ta bar tambayar ta shiga ba ki labarin mota da tafiya Dubai, ki gode mata, ki ɗauki mayafinki. Sana'ar nan tana ciyar da mutum, ni ma da ita nake rufa wa kaina asiri a nan Tawa, amma sai ga wadda ta iya lissafi.

Kuɗin suna zuwa ta hanya uku. Na farko ragi ne: kayan da aka rubuta jikka 10 a katalog, ke a ba ki su jikka 7 da rabi, ki sayar ki riƙe jikka 2 da rabi. Na biyu kamashon ƙarshen wata, wanda ake lissafawa da makin kayan da kika ɗauka. Kamfanonin da aka fi jin sunansu a ƙasar nan, irin su Forever na Amurka da Longrich na Sin, kowanne da tsarin makinsa, don haka ki nemi a nuna miki shi a rubuce, kada ki tsaya ga na baki. Na uku shi ne abin da ake ba ki daga cinikin waɗanda kika shigo da su. A kan wannan na ukun aka fi yin kururuwa a wurin taro, kuma shi ne wanda sabuwar shiga ba za ta gani ba da wuri. Ki ɗauka babu shi. In lissafinki bai fita da ragin kaɗai ba, to bai fita ba.

Akwai wata hanyar da ba ta da katalog mai ƙyalli, amma na fi son ta ga mai farawa. Manyan ƴan kasuwa a Yamai, da matan da ke haɗa humra da turaren wuta da dilka, suna ba amintacciyar mace kaya ta sayar ta kawo kuɗi, a cire mata la'adarta. Daɗinta, in kun yi magana tun farko, abin da bai fita ba kina iya mayarwa. Ki tabbata an yi wannan maganar a gaban shaida, an kuma rubuta yawan kayan da farashinsu a kaye biyu, naki da nata.

To, ga lissafin wata ɗaya, a matsayin misali. A ce kin sayar da kayan jikka 100 a kan kashi 25 cikin 100. A takarda kin samu jikka 25. Cire kuɗin aiko kwali daga Yamai, a ce jikka 2. Cire ladan tura kuɗi, jikka 1. Kabu-kabu da adaidaita na zagayen gidaje, jikka 4. Kuɗin intanet na waya, jikka 3. Man da kika buɗe don mutane su shafa su ji, jikka 3. Saura jikka 12. Wannan shi ne kamashonki na gaskiya, kuma shi ma sai in kowa ya biya.

Nan ne gizo ke saƙar. Mace ɗaya ta ɗauki man jikka 10 ba ta biya ba, ba ribar jikka 2 da rabi kika rasa ba, uwar kuɗinki jikka 7 da rabi ce ta tafi. Kafin ki cike wannan ramin sai kin sayar da irin man nan har uku kina aikin banza. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a garin da rabin masu sayen kayanki dangin mijinki ne ko ƙawayen yayarki, ba za ki ce ba ki ba da bashi sam ba. Abin da za ki yi shi ne ki sa masa iyaka. Ni ba na barin bashin da ke waje ya wuce ribar wata ɗaya. In ya kai nan, ƙofa ta rufe sai wani ya shigo. Mai son kaya masu tsada ta ba da rabi kafin in yi oda, ta cika ranar da na kai mata. Wadda ba ta da rabin, ina karɓar mata kaɗan-kaɗan kamar adashi, dala ɗari yau, jikka gobe, ina rubutawa a gabanta, ranar da suka cika ta ɗauki kayanta. Kayan na hannuna har a gama, ba a hannunta ba.

Yadda ake ƙin ba da bashi ba tare da an ɓata zumunci ba, shi ma sai an koya. Babbar mace za ta ce miki, "Ɗiyata, bar mini wannan, in Alhaji ya aiko zan kira ki." Kada ki ce a'a, kada kuma ki ajiye. Ki ce, "Hajiya, ai naki ne, na cire shi gefe. Kayan ba nawa ba ne, na masu shi ne, in ban kai kuɗi ba ba za su sake ba ni ba. Ranar da ya aiko, kafin ki ajiye waya na iso." Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kunyata ta ba, kwalbarki kuma tana cikin jakarki.

Sai abin da za ki zaɓa ki sayar. Sabuwar shiga takan zuba jarinta a abin da ya fi kyau a hoto: akwatin jan baki kala goma sha biyu, hoda mai madubi. Jan baki ɗaya yana yi wa mace wata da watanni. Sabulu, man shafawa, man gashi, turaren hammata da man goge baki kuwa ƙarewa suke yi, kuma mai ƙarewa shi ke dawo da mai saye. Ki sayi kaye na musamman, kowace mace da shafinta: abin da ta ɗauka, ranar da ta ɗauka, irin fatarta, mai maiƙo ce ko busasshiya. In man yana yin wata biyu, sati ɗaya kafin ya ƙare ki aika mata saƙon murya: "Tanti, ina kwana, ya gida? Na san man nan ya kusa ƙarewa, in sa miki a odar Litinin?" Saƙon murya na ce, don da yawa daga masu kuɗin saye ba sa karanta boko, waɗanda ke karantawa ma sun fi jin daɗin murya. Mace talatin da ke dawowa sun fi miki ɗari ukun da ke kallon hotunanki a WhatsApp suna cewa masha Allah.

Kuɗi a nan Adar, yankinmu na Tawa, suna da lokacin zuwa, ki bi lokacin. Malaman lekol, ma'aikatan likita da matan soja sai ƙarshen wata, in albashi ya sauka, to ranar za ki je, ba bayan kwana goma ba. Ɗaliban jami'a sai an biya bursi. Matan da mazajensu ke ci-rani a Abijan ko Libiya, aike ya fi zuwa musu gab da salla. Wajen Galmi, Madawa da Tamaske, in an cire albasa an sayar a bazara, ana bukukuwa, ana haɗa lefe, kuma uwar ango ɗaya tana iya ɗauke miki kayan da za ki yi wata kina yawo da su. Goman ƙarshe na azumi da satin babbar salla ba a barci. Damina kuwa ciniki kan yi sanyi, kuɗi sun tafi gona, kada ki tara kaya a lokacin. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, fata na tsagewa, man jiki mai nauyi da man leɓe da na faso su ke tafiya. Da zafi ba mai son abu mai maiƙo, sai turare da sabulu.

Zafin nan shi ne abokin gabar kayanki. A watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, jan baki na narkewa, mai na rabuwa ruwa sama kitse ƙasa, turare na canza ƙamshi. Kada ki ajiye kwali ƙarƙashin rufin kwano ko jikin bangon da rana ke duka. Ki nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ki sa a ƙasa. In za ki fita, ƙaramar kula ta fi jakar hannu, kuma ki fita da safe ko bayan la'asar. Duk kwalbar da ta iso, ki duba ranar lalacewa kafin ki sa hannu a takardar karɓa. Ki duba kuma ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 6M ko 12M a jikinsa: wata shida ko goma sha biyu ke nan bayan an buɗe. Wanda kika buɗe na gwaji ki rubuta masa rana a gindi.

Daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 550 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Motocin Rimbo ko STM na kawo saƙo, ki roƙi mai aikowa ta naɗe kowace kwalba a leda ta manne murfin. Kuɗi ki tura ta Nita ko Amana ko ta waya, ki ajiye takardar, ki ɗauke ta hoto. Tun da aka rufe iyaka da Binin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome su ratso Burkina, hanya ta yi tsawo, wani lokaci abin da kike so ya yanke a Yamai ɗin ma. Saboda haka kada ki yi wa amarya alkawarin rana sai kayan na hannunki.

Za a ce miki, "Ai na ga irinsa a Ƙonni rabin wannan kuɗi." Wani lokaci gaskiya ne, don tun da naira ta faɗi kayan da ke shigowa ta Illela suka yi araha. Wani lokaci kuma jabu ne. Kada ki zagi kayan kowa. Ki nuna mata lambar da aka buga a gindin kwalbarki da takardar da kika sayo da ita, ki bar ta ta zaɓa. Farashinki kuma ɗaya ga kowa. In kika rage wa uwargida kika sayar wa amarya yadda yake, kafin magariba sun sani, kin rasa gidan duka. A gidan kishiyoyi ki shiga ɗakin uwargida tukuna ko da ba ta saye, kuma abin da wata ta ɗauka kada ya fito daga bakinki a ɗakin wata. Gidan da ake kulle, ki tambaya ko maigida ya san da zuwanki.

Akwai kuɗin da na ce ki bari ya wuce. Kullum za a tambaye ki man da ke sa fari, kuma ribarsa ta fi ta komai. Ki juya kwalbar ki karanta abin da aka haɗa. In kin ga hydroquinone, ko clobetasol, ko betamethasone, ko mercure, ki ajiye. Na biyu da na ukun magunguna ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, in aka daɗe ana shafawa fata na sirancewa, nanƙarwa ta fito, ƙuraje su yi yawa, ciwo ya ƙi warkewa. Hydroquinone in an daɗe a kansa yana barin baƙin tabo a kunci wanda ke wuyar fita. Mercure kuwa har ƙoda yake taɓawa. Ƙasar Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayukan tun 2015. Kwalbar da ba a rubuta komai a jikinta ba, wadda ake cewa "haɗi na musamman", ita ta fi ban tsoro. Ranar da fuskar mace ta ɓaci, ba sunan kamfani za a kira a gidan biki ba, sunanki za a kira.

Ko man kirki ne, sabuwar mai saye ta fara shafa kaɗan a cikin damtse ko bayan kunne, ta jira kwana ɗaya ko biyu. Kada ki ce kayanki na warkar da cuta, ko da an koya miki faɗin haka a wurin taro. Mai kyasbi ko ƙurajen da suka ƙi ji, ki tura ta likita. Za a kuma tambaye ki ko jan farce na hana alwala, ko turaren nan da alkol a ciki. Abin da ke cikin kwalba ki faɗa yadda yake, hukuncin kuma ki bar wa malamai.

Saura maganar maki. Ƙarshen wata wadda ta shigo da ke, wadda ke samanki a tsarin, za ta kira: "Ƙanwata, saura kaɗan ki hau mataki, ki ƙara odar jikka 40 kawai." Ki tambayi kanki wa zai sayi kayan jikka 40 ɗin, da suna. In kin iya kiran sunayen daga kayenki, ki yi odar. In ba ki iya ba, kin fitar da jikka 40 don a ba ki kamashon da bai kai rabinsu ba, kayan kuma suna zaune ƙarƙashin gado suna jiran zafin Afrilu. Ita ta ci nata kason tun ranar da kika biya. Duk tsarin da kuɗin shiga ya fi kayan da aka ba ki daraja nesa ba kusa ba, ko aka ce ba sai kin sayar da komai ba, mutum biyu kawai za ki kawo, wannan ba ciniki ba ne, kuɗin na baya ake ba na gaba.

Ki raba kuɗi gida biyu tun daga ranar farko: uwar kuɗi a wuri ɗaya, ba a taɓa ta ko don cefane, riba a wani wurin, ki biya kanki sau ɗaya a wata. In ciniki ya kai ki buɗe ɗan butik ko ki riƙa kai wa masu salon kaya da faktir, ki je ki yi rijistar kasuwanci ki karɓi lambar NIF ta biyan haraji, don manyan masu saye sukan nemi ganinta kafin su ba ki oda.