Katin bashi: me ya sa suke neman lambar asusunka, kuma me za ka ba su?

Mutanenmu na Birnin Kebbi da Argungu da yawa in sun ga fom ɗin katin bashi ya nemi lambar akawun sai su ja da baya, wai 'yan damfara ne. To ba lallai ba. Katin bashi ba irin katin ATM ɗinka ba ne, kuɗin banki za ka kashe ka biya daga baya, shi ya sa suke son ganin shige da ficen kuɗinka, albashi ne ke shigowa duk wata ko cinikin shinkafa ne sai kaka, kuma daga asusun nan za su riƙa cire abin da suke binka.

Ka je reshen bankin da kanka ko ka shiga manhajarsu ta ainihi. Ka ba da lambar akawun mai lamba 10 da BVN mai lamba 11, in sun nemi sitatimen, wato takardar shige da ficen kuɗin asusunka, ka karɓo a banki. Amma fa PIN da OTP (lambar sirrin da banki ke turo maka a waya) da lambobi ukun bayan kati, ko manaja ne ya kira ka kada ka faɗa.

Kafin ka sa hannu ka nemi wurin da aka rubuta GSI, tsarin da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya kawo a 2020, wanda a ƙarƙashinsa in ka ƙi biya za su iya kwasar kuɗin daga asusunka na wani bankin daban. Maganar kuɗin ruwa kuwa, malam, ka tambaye su ƙarara nawa ne a wata, don wasu nan suke fasawa saboda riba.