Darasi na Bakwai: Ƙananan Kotuna da Iyakar Huruminsu

Idan aka ce ƙaramar kotu, mutane da yawa sukan ɗauka cewa ana nufin kotun da hukuncinta bai taka kara ya karya ba. Wannan kuskure ne. An kira ta ƙarama ne saboda ita ce matakin farko a jerin kotuna, inda ake shigar da ƙara, a aika sammaci, a saurari shaidu, kuma yawancin mutanen da suka taɓa tsayawa gaban alƙali, ko a kan bashi, ko rikicin haya, ko faɗa, ko ƙaramar sata, a wannan mataki maganarsu take farawa, a nan kuma take ƙarewa. A Ingila da Wales kowace shari'ar laifi a kotun majistare take somawa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 a can ake kammala su.

Kalmar da ya wajaba mai karatu ya riƙe a wannan darasi ita ce hurumi, wato ikon da doka ta bai wa kotu na sauraron wata magana da yanke hukunci a kanta. Alƙali ba ya bai wa kansa hurumi; dokar da ta kafa kotun ce take shata masa iyaka. Iyakar takan shafi irin maganar da aka kawo, domin akwai laifuffuka masu girma, kamar kisan kai, da ake keɓe wa babbar kotu. Takan shafi yawan kuɗin da ake jayayya a kai, da tsawon ɗauri ko girman tarar da alƙalin zai iya yankewa. Sannan akwai iyakar wuri, domin a bisa al'ada ana kai ƙara ne yankin da abin ya faru, ko inda wanda ake ƙara yake zaune, ko inda filin da ake rikici a kansa yake. Waɗannan iyakoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, kuma majalisa tana iya canza su, saboda haka magatakardan kotu ko lauya ne ya dace a tambaya kafin a biya kuɗin shigar da ƙara.

Me zai faru idan kotu ta yi shari'ar da ba ta da hurumi a kanta? A shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta shekarar 1962, kotun ƙolin Najeriya ta bayyana cewa sai an cika sharuɗɗa uku: alƙalan da suka zauna su kasance waɗanda doka ta amince da su, maganar ta kasance cikin hurumin kotun, kuma a shigar da ƙarar ta hanyar da doka ta tanada. Idan ɗaya ya yi rauni, shari'ar ta rushe, komai kyawun yadda aka gudanar da ita. Ko da mai ƙara da wanda ake ƙara sun yarda a tsakaninsu, yardarsu ba ta bai wa kotu ikon da doka ta hana ta. Abin tausayi ne mutum ya shafe shekaru yana zirga-zirga, ya ci nasara, sannan kotun sama ta soke komai saboda tun farko an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Akwai wani yanayi da yake buƙatar iyalai su sa ido. Akan gurfanar da wanda ake zargi da babban laifi a ƙaramar kotu, ita kuma, da yake ba ta da ikon yi masa shari'a, sai ta ba da umarnin a tsare shi har a miƙa maganar gaba. A nan ne ake mantawa da mutane. Ya kamata dangi su riƙe lambar ƙarar da ranar zama na gaba, su kuma nemi sanin kotun da take da ikon ba da beli.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, kuma Sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, ta shekarar 1966, ya tabbatar wa duk wanda aka samu da laifi haƙƙin kotun sama ta sake duba hukuncinsa. Sai dai galibi kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu. Abin da aka rubuta a ƙaramar kotu take karantawa, ta duba ko an yi kuskure a doka, kuma ba kasafai take sauya abin da alƙalin da ya ga shaidu da idonsa ya gaskata ba. Don haka duk wata takardar yarjejeniya, ko rasiti, ko shaida, a gabatar da ita tun a ƙaramar kotu. Ɗaukaka ƙara kuma tana da wa'adi, saboda haka a nemi kwafin hukunci da zarar an yanke shi.

Aikin aji: malami ya rubuta samfurin sammaci a allo, ɗalibai su nuna sunan kotu, da lambar ƙara, da ranar zama, sannan kowa ya kwafe su a littafinsa.