Yadda ake ɗora Windows 11 a tsohuwar kwamfutar da Microsoft ta ce ba ta cancanta ba

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum. Kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa, amma duk ɓarakar tsaro da aka gano daga nan ba mai toshe maka ita, sai in ka shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda shi ma na ɗan lokaci ne. Ga kuma Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, Secure Boot, guntun tsaron nan TPM 2.0, da furosesa ta Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya kayar da yawancin laftof na hannu da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka, irin su HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460. Duka zubi na 6 ne, kuma har yau suna aiki lafiya lau a hannun ɗalibai da ma'aikata. A ganina asara ce mutum ya jingine kwamfuta mai ƙwari saboda lamba ɗaya. Akwai hanyar tsallake shingen, sai dai a bi ta da ido biyu.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32. A layin Processor za ka ga wani abu kamar i5-6300U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin: 6300U zubi na 6 ke nan, 8250U kuwa na 8. Ka lura da layin BIOS Mode, ko UEFI aka rubuta ko Legacy, domin za ka buƙace shi nan gaba. Sai ka sake danna Windows da R ka rubuta tpm.msc. In ya ce bai ga TPM ba, kada ka yanke hukunci tukuna. Sau da yawa yana nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da zarar ka kunna kwamfutar, shiga da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka nemi TPM, wanda ake kira PTT a Intel ko fTPM a AMD, ka kunna. Mai zubi na 8 da ya yi haka galibi ya gama, Windows Update da kanta za ta kawo masa tayin.

Akwai kwamfutocin da babu dabarar da za ta cece su. Daga sigar 24H2 ta shekarar 2024, Windows 11 ba ta tashi sam a furosesar da ba ta da wani rukunin umarni mai suna SSE4.2, wato Core 2 Duo da sa'o'inta sun fita. Core i3, i5 da i7 suna da shi. In taka tsohuwar Pentium ce ko Celeron, sauke ƙaramar manhajar CPU-Z ka duba layin Instructions. Mai RAM giga 4 da tsohon faifai mai juyawa kuma, ko da ɗorawar ta yiwu, zai zama an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Ka fara sa SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa, ka kai RAM giga 8. In kuɗin bai samu ba, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, ta fi dacewa da irin wannan na'ura, kuma kyauta ce.

Yanzu ajiya. Kwafe takardunka, hotuna, aikin makaranta, duk abin da ranka zai ɓaci in ya ɓata, zuwa wani faifai na waje, sa'annan ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu da gaske. In faifanka na kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, rubuta lambobin ceto 48 na buɗe shi a takarda. Batun wuta ma ba ƙarami ba ne: laftof ɗin da batirinta ya mutu kada a fara mata wannan aiki sai a inda wuta ba za ta yanke ba, domin ɗauke wuta a tsakiyar ɗorawa yana iya hana ta tashi.

Abu uku za ka tanada. Filashi mai giga 8 aƙalla, mai 16 ya fi, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge. Sai fayil ɗin ISO na Windows 11, wato fayil guda mai ɗauke da duk kayan ɗorawa, daga shafin Microsoft kanta, nauyinsa ya haura giga 5, don haka ka shirya data. Kada ka karɓi wata Windows da aka yi wa kwaskwarima a wayar wani ko a wani shafi da ba ka sani ba, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Na uku shi ne Rufus, manhajar kyauta ta Pete Batard mai zuba ISO a filashi, daga rufus.ie, sigar 4.6 ko sama.

Wurin sauke ISO akwai tarkon da ke kama mutane da yawa, wato harshe. English (United States) daban, English International daban. In harshen ISO bai yi daidai da na Windows 10 ɗinka ba, zaɓin riƙe manhajojinka zai dushe, ba zai danu ba. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta dism /online /get-intl, ka duba layin Default system UI language. In en-US ne ɗauki ta Amurka, in en-GB ne ɗauki International.

Soka filashin, buɗe Rufus, danna Select ka zaɓi ISO ɗin. A Partition scheme ka bar GPT in ɗazu ka ga UEFI, ka mayar MBR in Legacy ka gani. Da ka danna Start wani ƙaramin akwati zai fito, kuma shi ne zuciyar aikin. Sa alama a layin da ya ce Remove requirement for 4GB+ RAM, Secure Boot and TPM 2.0. A ƙasa akwai na cire tilascin asusun Microsoft da na hana BitLocker kulle faifai da kansa. Ni ina sa alama a na BitLocker ga duk wanda na san ba zai adana lambobin ceto ba. Danna OK ka jira sandar ta cika ta koma kore.

Daga nan hanya biyu ce. In kana son kayanka da manhajojinka su zauna yadda suke, kada ka sake kunna kwamfutar. Kana cikin Windows 10, buɗe filashin ka danna setup.exe. A shafin farko shiga Change how Setup downloads updates ka zaɓi Not right now. In gargaɗi ya fito cewa na'urar ba ta cika sharaɗi ba, karanta shi ka danna Accept. Kafin Install, tabbatar ka ga Keep personal files and apps a rubuce. Za ta mutu ta tashi sau da yawa, lissafin ma yakan tsaya a lamba ɗaya har ka zaci ta maƙale. Ƙyale ta, kada ka taɓa maɓallin kashewa.

Hanya ta biyu ita ce shafe komai a ɗora sabuwa, kuma ita kaɗai ce ga mai Windows 10 ta 32-bit, tunda Windows 11 ta 64-bit ce kawai. Sake kunna kwamfutar kana danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, zaɓi filashin, ka goge ɓangarorin faifan Windows, ka ɗora a wurin da ya rage fanko. Zaɓi irin wadda kake da ita, Home ko Pro, don lasisinka na Windows 10 ya bi ka.

Da ta tashi, gwada sauti, Wi-Fi, kyamara da Bluetooth, ka gudanar da Windows Update. Buɗe Device Manager, duk inda ka ga alamar ruwan ɗorawa direba ce ta ɓace, wato manhajar da ke sa wannan ɓangaren na'urar aiki. Je shafin kamfanin kwamfutar ka sauke ta Windows 10, galibi tana aiki. In ka bi hanya ta farko kuma abin bai yi maka ba, kana da kwana 10 ka koma ta Settings, System, Recovery, Go back, muddin ba ka goge jakar Windows.old ba.

Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alhakin irin wannan ɗorawa ba, kuma ba ta yi alkawarin ci gaba da turo gyare-gyare ba. A aikace na tsaro na wata-wata suna shigowa, amma babbar sigar shekara ba ta zuwa da kanta, kuma kowace siga ta Home da Pro wata 24 ake tallafa mata. Saboda haka danna Windows da R ka rubuta winver lokaci-lokaci ka ga wadda kake kai, kafin wa'adinta ya cika ka sauke sabon ISO ka maimaita aikin Rufus da setup.exe.