Darasi na 9: Takunkumin Barci Wanda Ya Dace da Fuskarka

Akwai minsharin gajiya, akwai kuma minsharin ciwo. Na gajiya a jere yake tafiya, kamar injin niƙa. Na ciwo kuwa za ka ji mutum yana ja, yana ja, sai ɗif, shiru. Ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga. Can sai ya yi firgigit, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya koma barcinsa bai ma san an yi ba.

Dalili shi ne naman maƙogwaro yana saki idan barci ya yi nauyi, sai ya toshe hanyar iska. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar numfashi da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. Idan tana faruwa sau 5 zuwa 14 a cikin awa ɗaya, ciwon ƙarami ne. Daga 15 zuwa 29, matsakaici ne. Daga 30 zuwa sama, ya yi tsanani. Ka karanta lambobin nan da ƙarfi, sannan ka rubuta su a littafinka. Mai wannan ciwo yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi, a masallaci, a shago, wani ma a kan sitiyari. Ciwon yana da alaƙa da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne na'urar CPAP. Wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya fito da dabarar a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, aka wallafa ta a 1981. Na'urar tana jan iskar ɗakinka, ta tura ta cikin tiyo zuwa hancinka, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Ƙarfin yana tsakanin lamba 4 da 20, kuma likita ne yake saita shi bayan gwajin barci. To amma iskar ba ta da hanyar shiga jikinka sai ta takunkumi. A nan ne mutane da yawa suke karaya.

Wani ɗalibin ajinmu, direba ne a tashar Bauchi Road, 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka sayo masa na'urar. Kwana huɗu ya yi yana sa ta, ya naɗe tiyon ya tura ƙarƙashin gado. Ranar da ya dawo aji na ga wani jan tabo a karan hancinsa, har ya fara ɗurar ruwa. Ya ce mini, "Malam, iska ce ke tsirto mini cikin ido, sai na ƙara ɗaurewa. In na ɗaure kuma sai hancin ya kama zogi." Uwargidansa ce ta tsaya kai da fata. Ta ce, "Maigida, in takalmi ya matse ka, ai ba ka daina tafiya, wani kake nema." Ya koma asibiti da na'urar a jaka. Ashe babban takunkumi aka ba shi mai rufe hanci da baki, ga shi da cikakken gemu, iskar tana bi ta cikin gashin tana fita. Aka canza masa da ƙarami, tun daga ranar yake kwana da shi.

Takunkumin iri uku ne. Na farko ƙarami ne, yana da 'yan robobi biyu masu laushi da ke zama a ƙofar hanci. Shi ya fi dacewa da mai gemu da gashin baki, da mai jin kamar an rufe shi a akwati in an ɗora masa abu a fuska, da wanda yake son sa tabarau ya duba Alƙur'ani kafin barci. Sai dai idan ƙarfin iskar da aka saita maka babba ne, yana iya sa ƙofar hanci ta yi zafi. Na biyu yana rufe hanci gaba ɗaya, daga karan hanci zuwa saman leɓe. Na uku yana rufe hanci da baki, an yi shi domin wanda yake barci baki buɗe ko wanda hancinsa yake yawan toshewa. Wanda bakinsa ke buɗewa amma yana son na hanci, akwai maɗaurin haɓa da ake haɗa masa.

Kowane iri yana da girmansa. Za ka ga harafi a jikin robar: S ƙarami, M matsakaici, L babba. Girman jikinka ba shi ne girman hancinka ba. Na ga ƙaton mutum da S ya yi masa daidai. Kuma M na kamfanin ResMed ba lallai ya zo ɗaya da M na Philips ko na Fisher & Paykel ba. Akwai ma'aunin takarda da ake ɗorawa a hanci, ka ce a auna ka da shi. Saboda haka ban yarda a aiko wa mutum takunkumi daga Abuja ko Legas ba tare da an auna shi ba, komai kyawun niyyar mai aikowa.

Wajen gwaji kada ka yarda a gwada maka kana zaune kawai. Fuskar mai zaune daban, ta mai kwance daban, domin kumatu suna zubewa, haɓa tana ja baya. Ka kwanta, a kunna na'urar a kan lambarka, ka juya dama, ka juya hagu, yadda ka saba kwanciya a gida. Idan kana cire haƙoran roba da dare, ka gaya musu. Ka bi gefen robar da bayan hannunka, za ka ji inda iska ke tsirtowa.

Ga inda nake so ka fi mai da hankali. Leɓen robar nan an yi shi ne domin iska ta ɗan kumbura shi ya manne da fata da kansa. Idan ka ja maɗauri da ƙarfi, ka murƙushe leɓen, sai ya naɗe, yoyon ya ƙaru, fata ta yi rauni. In ka ji yoyo, ka ɗan janye takunkumin daga fuska iska tana gudu, ka mayar da shi a hankali ya zauna. In bai daina ba, ka ja maɗaurin kaɗan kaɗan, dama da hagu daidai wa daida. Ya kamata yatsanka ya iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. Shatin da ya ɓace jim kaɗan bayan ka tashi ba komai ba ne. Wanda ya wuni a fuskarka, ko ya zama ƙurji, yana gaya maka girman ko irin bai dace da kai ba. Da asuba kuma, in za ka tashi alwala, ka ɓalle maɓallin kawai, kada ka warware maɗaurin da ka sha wahala ka daidaita.

Akwai wasu 'yan ƙananan huji a gaban takunkumin da iska ke fita ta cikinsu kullum. Wannan ba yoyo ba ne. Ta nan gurɓataccen numfashinka yake fita. Kada ka liƙe su da salatif, kada ka ja bargo ka rufe su, ko da sanyin Jos na watan Disamba ya kai inda ya kai.

Hunturun namu yana kawo nasa matsalolin. Kowa yana shafa basilin ko man kaɗanya kafin ya kwanta, mai kuwa yana sa roba ta zame, yana kuma lalata ta. Ka wanke fuska ka tsane ta, ka bar shafa mai a inda robar za ta zauna sai da safe. Busasshiyar iska tana busar da hanci har ya tsage, don haka ka zuba tataccen ruwa a ɗan tankin danshi na na'urar. Idan ɗaki ya yi sanyi sosai, tururin yakan zama ruwa a cikin tiyo ya ɗigo maka a hanci. Ka ajiye na'urar a wurin da bai kai tsayin kanka ba, ka naɗe tiyon da ƙyalle. Matatar iskar da ke bayan na'urar tana cika da ƙura da wuri a wannan lokaci, ka riƙa duba ta.

Mata kuma, kitso yana canza zaman maɗauri. Wanda aka daidaita a kan shuku ba zai zauna daidai a kan kalaba ba. Duk ranar da aka yi sabon kitso a sake daidaitawa, kuma siririn ɗankwali a ƙarƙashi yana hana gashi tsinkewa.

Idan aka ɗauke wuta kana barci, takunkumi mai rufe baki da hanci yana da 'yar ƙofa da ke buɗewa da kanta iskar ɗaki ta shiga. Duk da haka, da ka farka ka cire shi har wuta ta dawo. Mai hali ya haɗa na'urar da batir ko sola. Wasu takunkuman kuma suna da maganaɗisu a maɓallinsu. Idan an sa maka na'urar daidaita bugun zuciya, ko an sa wa wanda kuke kwana gado ɗaya, ka faɗa wa likita kafin ka karɓa.

Kowace safiya ka wanke robar da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka shanya a inuwa. Idan ta yi tauri, ko ta yi rawaya, ko ta fara yoyon da ba ta yi a da, ta tsufa, sai a nemi sabuwa. Wanda abin ya gagare shi ya koma wurin likitan da ya rubuta masa na'urar. Wanda kuma bai taɓa ganin likita a kan minsharinsa ba, ya je babban asibiti irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ya nemi likitan ƙirji ko na kunne, hanci da maƙogwaro, ya tafi da wanda yake jin barcinsa da dare.

Aikin gida: ka ja layi 7 a littafinka, kowane layi dare ɗaya. Idan kai ne mai na'urar, ko wani a gidanku, ka rubuta ƙarfe nawa aka sa takunkumi, ƙarfe nawa aka cire, da wurin da ya yi zafi ko yoyo. Ka lissafa awannin kowane dare, ka zagaye duk daren da bai kai awa 4 ba. Ka zo da littafin aji mu karanta tare, kuma shi za ka nuna wa likita ranar komawa asibiti.