Yadda ake bitar gyaran da ya taɓa injin haɗe rassa na Git

Tun fitowar Git 2.34 a Nuwamban 2021, ort, injin haɗewar da Elijah Newren ya rubuta, shi ke haɗe rassa in ba a zaɓi wata hanya ba. Don haka facin (gyaran da aka turo) da ya taɓa merge-ort.c, fayil ɗin da ort yake ciki, kowa zai shafa. Karon da Git ya sanar, wato inda gyaran rassa biyu suka ci karo ya kasa haɗa su, ba abin tsoro ba ne, ai ka gan shi. Abin da mai bita ke farauta shi ne haɗewar da ta fita lami lafiya alhali ta haɗiye layin wani.

Fara da sauke tarihin duka. Masu aiki daga Nima ko Madina da datar waya sukan yi clone da --depth 1 don tsimi. A nan ba zai yi ba, domin Git yana kwatanta abu uku ne, wato tushen da rassan suka rabu, namu da nasu, kuma guntun tarihi ba ya ɗauke da tushen. In ka riga ka yi, git fetch --unshallow zai cike.

Sai ka gina Git biyu, ɗaya kafin facin, ɗaya bayansa, da make DEVELOPER=1. Ka ƙara SANITIZE=address a kan sabon don kama taɓa ƙwaƙwalwar da aka riga aka saki. Gwaje-gwajen haɗewa suna cikin t/, mafi yawansu jerin t64. Gudu da su tukuna, cikakken gwajin ka bar shi sai batirinka a cike yake saboda dumsor, wato ɗauke wuta. Sabon gwajin da marubucin ya kawo dole ya faɗi a tsohon Git ya wuce a sabo. In ya wuce a duka biyun, bai gwada komai ba.

Ga inda aikin yake. Ɗauki ma'ajiya mai dogon tarihi, fitar da haɗe-haɗenta da git rev-list --merges, ka sake haɗa iyayen kowanne da git merge-tree --write-tree, wanda ya zo a 2.38 kuma ba ya taɓa fayilolin aikinka. Kwatanta lambar bishiyar, wato lambar shaidar sakamakon haɗewar, da tsoho da sabo suka bayar. Duk inda suka bambanta, marubucin ya yi bayani. Musamman inda tsoho ya ce karo, sabo ya ce lafiya.

Sauya suna ne ke yawan kawo ɓarna. Git ba ya ajiye labarin an sauya wa fayil suna, hasashe yake yi in kamannin ya kai kashi 50. Gwada fayil da ɓangarorin biyu suka ba sunaye daban, da wanda ɗaya ya goge ɗaya ya gyara, da sabon fayil a kundin da ɗaya ɓangaren ya matsar. Gwajin t6423 na wannan na ƙarshen ne. Idan git merge-base --all ya ba da tushe fiye da ɗaya, ort sai ya fara haɗe tushen da kansu, kuma kuskure a can ba ya fitowa fili.

In an turo zubi na biyu na facin, git range-diff zai nuna abin da ya canza tsakaninsu. Amma kwatancen tarihin a sake shi daga farko.