Yadda za ka yi idan sauti ya ƙi shiga ƙaramin jirgin ƙasanka na tebur

Mu nan Damagaram ba mu da layin dogo, mai son jin ƙugin jirgin gaske sai ya gangara Kano. Amma akwai mu 'yan tsiraru masu namu jirgin a kan tebur, irin ƙananan nan na ma'aunin H0, waɗanda aka rage girman jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarafan layinsu milimita 16.5 kacal. Nawa yayana ne ya aiko mini daga Faransa. A cikin kan jirgin akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ana ce mata dikoda. Ita ke karɓar umarni ta cikin layi bisa tsarin DCC, wato tsarin tuƙa jirgi da siginar lambobi, ita ce kuma ke riƙe da ƙugin inji da usur da kukan birki. Sautin nan fayil ne da ake saukowa da shi daga intanet, a ɗura mata ta kwamfuta. Wurin ɗurin ne ake shan fama: aiki ya kai rabi ya cije, ko manhaja ta ce ita sam ba ta ga dikoda ba.

Kar ka yi saurin cewa ta ƙone. Sabuwa sai ka sa an sayo daga Turai ka zauna jiran makonni, alhali sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Fara da tambayar dikodar ko ita ta wace ce. Ɗora kan jirgin a layin saiti, wato guntun layin da ake daidaita dikoda a kansa, ka karanta CV8. CV gurbin saiti ne mai lamba a cikin dikoda, a na 8 ne lambar kamfanin da ya ƙera ta take. In ta ba ka 151, ta ESU ce. 145 ta Zimo. 129 ta Digitrax. Amsar kanta albishir ce, don matacciyar dikoda ba ta amsawa. Kowane kamfani da nasa akwatin ɗuri, mai haɗa kwamfuta da layi, da nasa fayil: dikodar LokSound ta ESU tana son LokProgrammer da fayil mai ƙarewa da .esux, Zimo tana son MXULFA da .zpp, Digitrax kuma PR3 ko PR4 da .spj. Ba a yi musu auren gauraye. Idan kuwa Tsunami ce ta SoundTraxx, huta da ranka, wannan da sautinta take zuwa daga masana'anta, ba a canza shi. Ko cikin gida ɗaya ma akwai bambanci. LokSound 5 rumbunta megabit 128 ne, ta 4 kuwa 32, don haka fayil ɗin da aka shirya wa ta 5 ba zai shiga ta 4 ba, sai dai na 4 manhaja tana iya juya shi ya dace da ta 5.

Sai fayil ɗin kansa. Da irin intanet ɗinmu mai zuwa da komawa, abu ya kan sauka guntu amma ya zauna da cikakken suna kamar lafiya lau. Kwatanta nauyinsa da wanda aka rubuta a shafin kamfanin, in bai kai ba ka sake saukewa bayan sallar asuba, lokacin da layi bai cika ba. In a dunƙule ya zo cikin zip, warware shi tukuna. Wasu sautukan Zimo na saye ne, a kulle suke, sai an sa wa dikodar lambar buɗewa.

Yanzu ga babban mai laifi a garin nan: ƙura. Daga hunturu ya kama, ko ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, da safe za ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Jirgin da ke gudu yana iya tsallake 'yar ƙurar da ta raba taya da ƙarfe na ƙiftawar ido, ba za ka ma lura ba. Ɗurin sauti ba haka yake ba. Jirgin a tsaye yake wuri guda, duk bayanan ta ɗan gurbin nan da taya ta taɓa ƙarfe suke bi, na tsawon mintuna masu yawa, wani lokaci har kusan rabin awa. Yankewa ɗaya ta isa ta ɓata komai. Saboda haka ka ware guntun layi kamar kamu biyu, wanda ba ya haɗe da komai sai wayoyi biyu na akwatin ɗuri, kuma gara ka liƙa su da dalma maimakon ka maƙala su kawai. Samo farin ƙyalle da alkol na kantin magani, ka goge saman ƙarafan. Za ka ga baƙin layi biyu a jikin ƙyallen. Ci gaba da gogewa har ya fito fari. Sannan ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyallen a kan layin, ka ɗora rabin tayoyin a kansa, ka ba da wuta kaɗan su juya su wanke kansu, ka juya ɗaya ɓangaren. Leƙa bayan tayoyin kuma, inda 'yan siraran tagullar nan masu ɗaukar wuta suke gogar taya. Ni a nan na taɓa zaro wani dunƙulen zare da gashi da tsinken sakace, bayan na kwana biyu ina zargin kwamfuta. Kar ka kusanci layin da takardar yashi, karce shi za ta yi, datti ya sami wurin zama. Jirgi ɗaya tak a kan layin, babu tarago mai fitila a bayansa, kuma kar akwatin ɗuri da na'urar tuƙi su taɓa haɗuwa a layi guda.

In layi ya yi fes amma har yanzu shiru, buɗe jikin jirgin ka duba ko an sa masa kafasita mai ajiye wuta, wadda ke hana shi tsayawa a wurin datti. Amfaninta a tafiya shi ne illarta a ɗuri, don tana shanye siginar. PowerPack na ESU mai waya uku yana kashe kansa lokacin saiti, amma irin mai waya biyun nan sai ka cire ƙafa ɗaya har a gama.

Ɓangaren kwamfuta ba shi da tsawo. Manhajar LokProgrammer ta Windows ce. Duba ko kwamfutar ta ga kebul ɗin USB a matsayin tashar COM, in ba ta gani ba sa 'yar manhajar da ke sa ta gane shi (direba), ko ka canza rami. Soka shi kai tsaye, ban da mahaɗar nan mai baki huɗu. Sabunta manhajar, in ta nemi ta sabunta ta cikin dikodar ka bar ta. Ka kuma hana kwamfutar yin barci.

Batun wuta fa, kowa ya sani. Abin da ya taɓa cina shi ne na dogara da batirin kwamfuta, na manta akwatin ɗuri da tasa wutar yake ci daga bango. Ana cikin zafin watan Afrilu aka ɗauke, allo na nan a kunne, jirgi kuwa ya zama kurma, don ana share tsohon sauti ne kafin a rubuta sabo. Ba asara ba ce, sake farawa aka yi daga farko ya shiga. Tun ranar nake jona akwatin a na'urar ajiye wuta irin ta ofis, kuma ba na ɗuri a kan gurup, wato janareta, mai wuta mai hawa da sauka.

Idan duk wannan bai yi ba, raba dikodar da jirgin. In mai soke ce, ko mai ƙafa 8 ko 21, zare ta a hankali ka sa ta a allon gwajin dikoda, ko a wani kan jirgin da ka yarda da shi. In ta karɓi sauti a can, to laifin na wayoyin jirginka ne ko motarsa.

Wani lokaci kuma manhaja ta ce an gama, ka mayar da jirgi kan babban layi ka ji tsit. Sabon fayil ya kan zo da nasa saiti, ya mayar da lambar jirgin 3, don haka kira shi da 3. Sautukan Turai yawanci maɓallin F1 na na'urar tuƙi ke tada su, na Amurka F8. Duba ƙarfin murya, CV63 a ESU, CV266 a Zimo. In abin ya rikice, rubuta 8 cikin CV8, saiti zai koma asalinsa ba tare da sautin ya goge ba. Saura lasifika, wadda ake aunawa da om: tsohuwar LokSound 3.5 mai om 100 take amfani da ita, ta 4 da ta 5 kuwa mai om 4 ko 8 ake sa musu. In ba ka da mita, sa jirgin a ƙaramin kwali ka kai wa masu gyaran waya na Kasuwar Dole, ka ce malam ya auna maka ƙafafun lasifikar biyu, amma ka roƙe shi ya cire waya ɗaya daga jikin dikodar kafin ya ɗora mitar.